Motar Gawa Ba Ta Ribas

Tiyay Pasing ba don ta yarda da ni ta ba ni makullin motar gawa ba. Direbanta ne ya samu aiki a jirgin ruwa ya tafi, ni kuma ina zaune a harabar gidanta ina karkaɗa ƙafa, da lasisin tuƙi a aljihu wanda ban taɓa cin abinci da shi ba. Yayar mahaifina ce. Ita ke da gidan shirya jana'iza na bakin kasuwar garinmu, kuma duk wanda ya mutu daga gada zuwa bakin teku, ta hannunta yake bi.

Tun da na bar makaranta ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi gidan burodi, na yi wurin ƙanƙara, na sauke kifi a tashar jirgi a birnin Bacolod. Ba faɗa nake yi ba, ba sata ba. Kawai wata rana sai in ji jikina ya ƙi wurin, in ajiye abin da ke hannuna in kama hanya. Tiyay ta san duk wannan. Shi ya sa ranar da ta miƙo makullin ba ta sake shi nan da nan ba. Ta ce masu makoki ba sa yafe kuskure, domin ba a binne mutum sau biyu. Idan gida ɗaya ya kawo mata ƙarata, to in tattara kayana in koma wurin babana a gonar rake in ɗauki adda.

Na san abin da take nufi. A can na tashi. Ganyen rake yana yanka hannu kamar reza, ƙaiƙayinsa yana bin mutum har cikin barci, kuma duk inda ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai wani raken. Na ce mata na ji.

Aikin ba wuya a ido. A ɗauko gawa daga gida zuwa coci, daga coci zuwa maƙabarta, mutane na biye a ƙafa, dangi sun ɗora hannu a bayan mota. A kan rufin akwai lasifika biyu, ni ke sa waƙoƙin da iyali suka zaɓa, kusan kullum irin ɗaya, masu jan rai, na coci ko na soyayyar zamanin kakanni. Wuyar ita ce tafiyar. Mota mai inji lafiyayye, amma a ce ka bi da ita daidai takun tsohuwa mai ciwon gwiwa. Manong Teroy, mai gyaran gawa, shi ke zama kusa da ni. Mutum ne mai ƙarancin magana, kullum da ƙanshin maganin aikinsa a jiki. Idan ya ga ƙafata ta fara rawa sai ya ɗan buga gwiwata da yatsa, ba tare da ya dube ni ba.

Na daure. Har ni kaina na yi mamaki. Sai Renante ya mutu.

Ɗan acaɓa ne, irin mai babur da akwatin fasinja a gefe, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Motar rake ce ta same shi a kwanar fita gari. Ban san shi sosai ba, sai dai nakan ji baburinsa tun kafin in gan shi, saboda kiɗa. Muka kai rumfa da kujerun roba gidansu don zaman makoki. Ina ɗaure igiyar rumfa a jikin bishiyar gwaiba da rana tsaka, abokan sana'arsa sun riga sun baje karta a tebur, sai ƙanwarsa Emelyn ta zo ta tsaya a bayana. Ta tambaya ko ni ne zan tuƙa yayanta. Na ce ni ne. Ta buɗe tafin hannunta, ga ɗan memori da ta ciro daga fasasshiyar wayarsa.

Ta ce mahaifiyarsu, Nay Luding, ta zaɓi waƙoƙin coci. Amma Nante, haka suke kiran Renante, ya sha faɗa a layin acaɓa, yana dariya, cewa ranar da za a kai shi kada a sa masa kukan tsofaffi, a sa masa waƙoƙin ƙungiyar Asin kag Abo. Na ce ban san su ba. Ta dube ni kamar na ce ban san teku ba. Na gaya mata dokar gidanmu, uwar mamaci ke zaɓa, ni direba ne kawai.

"Ban ce ka yi komai ba," in ji ta. "Ka saurara dai."

Na jefa shi a aljihu don ta tafi.

Washegari ina wanke motar a harabar gidan Tiyay, na ce bari in gwada lasifika ɗaya da take ɗan ƙara. Memorin ne ya zo hannuna. Na sa, na koma kan soso.

Ganga ce ta fara, ita kaɗai, da sauri kamar mutum na buga ƙofar gidan da ya kama wuta. Sai jita ta faɗo a kai, mai kaushi, ba ta nemi yardar kowa ba. Na ji kiɗan rok a baya, na Manila da na Turawa, ban taɓa tsayawa a kansa ba. Wannan da mawaƙin ya buɗe baki sai na ji harshenmu na Ilonggo, irin wanda ake zagin kare da shi a gona, ba na rediyo ba. Muryarsa a dushe. Yana maganar mutum da ke tsaye a mararraba, motocin kudu na wucewa, na arewa na wucewa, kowacce ya ɗaga mata hannu, kowacce ta tsaya sai ya ce ba ita ba ce. Ba ya neman a ji tausayinsa. Haushi yake ji, kuma dariya yake yi wa kansa.

Na tsaya da soso a hannu, kumfa na bin gwiwar hannuna. Ƙafar nan tawa da ke rawa tun ina aji, wadda malamai suka yi ta duka, yau ta samu abin da take bi. Ban taɓa sanin akwai wani da ya san wannan abin ba, balle ya yi masa waƙa.

Tiyay ta leƙo ta taga ta tambaya ko matattun da ke ciki ne suka ce in tashe su. Na rage sauti. Da yamma na kwafe komai a wayata.

Kwanakin makokin nan na yi su da abin sauraro a kunne. Da shi nake ɗaukar kujera, da shi nake cin shinkafa da busasshen kifi, har Manong Teroy ya fara yi mini magana da hannu kamar kurma. Kullum sai na ƙirƙiri dalilin zuwa gidan su Nante, wai in duba kyandir ko in gyara rumfa, don in zauna kusa da 'yan acaɓa in ji labarin ƙungiyar. Babbansu, wani mai tumbi da ake kira Boyet, ya sa mini suna Direban Marasa Gaggawa. Ya ce fasinjojina sun fi nasa daɗi, ba ciniki, ba ƙorafi. Na ce nasa ma duk wurina za su ƙare, da irin tuƙinsa. Suka yi dariya, suka matsa mini a benci.

Su suka gaya mini mutum huɗu ne, daga wani gari a kudu. Mawaƙin maigadin makaranta ne da. Mai ganga mace ce, ƙarama, idan ta zauna bayan gangunan sai gashinta kawai ake gani. Ba su taɓa shiga talabijin ba. A filin ƙwallon kwando suke wasa lokacin bikin gari, a kan dandamalin katako, kuma Nante ya taɓa binsu a babur har wancan gefen tsibiri, ruwan sama na dukansa. Boyet ya ce akwai wata waƙa da Nante ke sawa kowace safiya kafin ya fita, ita ce ta mararrabar nan. Na ji kamar an ce mini ina da ɗan'uwa, kuma ga shi can a kwance cikin akwati a falo.

Ana gobe jana'iza Tiyay ta kira ni ofis. Ashe Emelyn ta je mata ita ma, ta hana.

"Toto, na ga yarinyar nan tana zagaye ka," ta ce. "Abin da uwar ta zaɓa shi za ka sa. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Kuma a lokacin da gaske nake.

Aka fito daga coci rana na tsakiyar kai. Mutane sun yi yawa, lema ko'ina. 'Yan acaɓa sun sa fararen riguna masu hoton Nante a ƙirji, baburansu a jere can baya. Nay Luding ƙaramar mace ce, busasshiya, cikin baƙar riga. Ta ɗora tafin hannunta a gilashin baya, Emelyn na riƙe da ɗayan. Na sa waƙar coci, muka kama hanya ta cikin kasuwa, masu shaguna na fitowa suna yin alamar gicciye.

Tafiyar ta yi mini nauyi fiye da kullum. Ina jin akwatin a bayana. Ina tunanin mutumin da ya bi kiɗa cikin ruwan sama, ga shi ana jan sa da waƙar da zai kashe tun a baitin farko. Duk sanda na dubi madubi sai in ga idon Emelyn a kaina. Ba roƙo a ciki, jira kawai.

Bayan gada gari ya ƙare. Daga nan titi ne miƙaƙƙe, rake dama da hagu, har maƙabarta. Na ce a raina nan ba shaguna, ba limamin coci, Tiyay kuma tana ofis. Waƙa ɗaya ce. Na miƙa hannu na canza.

"To, ka san abin da kake yi?" in ji Manong Teroy.

Gangar ta riga ta shigo. A sarari, daga kan rufi, ta fi yadda na san ta girma. Can baya na ji 'yan acaɓa sun ɗauka gaba ɗaya, muryoyi marasa daɗi, masu ƙarfi. Gashin jikina ya tashi. Na fara buga sitiyari da tafin hannu, bakina na bin mawaƙin. Na san Manong ya buga gwiwata, na ji, amma na ɗauka shi ma kiɗan yake bi. Iska ta fara shigowa ta taga, na ji daɗinta, ban tambayi kaina daga ina iska ta fito ba a motar da ke tafiyar ƙafa.

Sai da ya daki kafaɗata da ƙarfi na dubi madubi. Babu kowa a bayan mota. Mutanen sun koma ƙanana, can nesa, lemominsu kamar furanni a bakin titi. Na taka birki. Wasu samari sun fara gudu sun tsaya, don ba a gudu a bayan gawa. A gaba duka ina iya hango baƙar riga, hannunta har yanzu a miƙe.

Hannuna ya tafi kan giyar mota da kansa, zan sa ribas. Manong Teroy ya damƙe wuyan hannuna, ban san tsohon yana da ƙarfi haka ba.

"Kada ka kuskura."

Na sani, kowa a garinmu ya sani. Mamacin da ya kama hanya ba a mayar da shi baya, ko taku ɗaya. Tsofaffi sun ce idan ya koma, ba zai sake fita shi kaɗai ba, sai ya ɗauki wani daga gidan. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, babu uwar da za ta tsaya ta ga akwatin ɗanta na dawowa wurinta da baya. Na cire hannu.

Saura jira. Ban taɓa sanin titi na da tsawo haka ba. Inji na aiki, waƙa na ci gaba a saman kaina, ta ƙare, ta gaba ta shigo. Na kai hannu zan kashe, Manong ya ce in bari, shiru yanzu ya fi muni. A gonar dama masu yankan rake sun miƙe daga aiki, fuskokinsu a naɗe da tsumma, adda a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka cire huluna saboda gawar, suka tsaya suna kallon motar gawar da ta tsaya a hanyar maƙabarta ba mutane. Ɗayansu tsayinsa da tsayuwarsa irin na babana sak.

Jikina ya fara abin da ya saba. Tafin ƙafata na ƙaiƙayi. Rake na nan kusa da taga, dogo, ya fi mutum. Idan na buɗe ƙofa na shiga, kafin su iso na ɓulla titin Bacolod. Na riga na kama hannun ƙofar.

Manong Teroy yana kallon gaba. Ya ce, "Idan za ka fita ka gaya mini, don ni ban iya tuƙi ba. Shi ma na baya bai iya mota ba, babur ya sani."

Na saki ƙofar. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na zauna ina kallon baƙar rigar tana girma a madubi, a hankali, a hankali.

Da suka iso babu mai waƙa. Wani kawun Nante ya taho da zafi, Boyet ya tare shi da tumbi. Nay Luding ba ta tsaya a bayan mota ba. Ta zagayo ta tagata, tana haki, gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Na sauke kai na ce, "Nay, ki yi haƙuri." Ba ta karɓa ba. Ta tambaya ɗan waye ni, na faɗa. Ta ɗaga kai ta dubi lasifikar, ta daɗe tana saurare, bakinta a tsuke.

"Wannan hayaniyar ce yake tashe ni da ita kullum," ta ce. "Ba ni na ce a sa ba."

"A'a, Nay."

"Ka bar ta." Ta share fuska da gefen hannu. "Amma ba zan sake bin bayanka ba."

Ta wuce gaban mota, ta tsaya a tsakiyar titi, ta juya mini baya. Emelyn ta bi ta da lema, ta ture. Sannan ta fara tafiya.

Haka muka ƙarasa. Uwa a gaba, gawa a tsakiya, jama'a a baya, abin da ban taɓa gani ba, Manong ma ya ce bai taɓa ba. Gangar yarinyar nan na gudu a kaina, ƙafata tana son ta bi, ga duga-dugan tsohuwa a gaban bambar mota, cikin takalmin coci da ya yi mata yawa. Idan na yi kuskuren taku ɗaya na taka ta. Na ɗora ƙafa a birki har cinyata ta fara rawa, gumi na shiga ido ba na iya sharewa. Can wajen ƙofar maƙabarta 'yan acaɓa suka sake ɗaukar waƙar, ƙasa-ƙasa wannan karon. Ita ba ta waiwaya ba.

Aka tsallakar da yaran gidan ta kan akwati kamar yadda al'adarmu take, aka tura shi cikin kabarinsa, rami ne a jikin bango, magini ya fara jera bulo. Na tsaya nesa, jikin mota. Boyet ya zo ya rungumo wuyana da hannu cikin wasa, ya ce ya janye sunan da ya sa mini. Emelyn ta wuce ta gabana riƙe da uwarta, ba ta ɗago ba.

Kafin mu koma labari ya riga mu. Na wanke hannu da ruwan ganyen gwaiba a bakin ƙofa kamar yadda ake yi bayan jana'iza, na shiga, na tarar da kawun nan yana fitowa daga ofis. Tiyay Pasing na zaune, tabarau a goshi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe hannu, na ajiye makullin. Manong Teroy ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yaron dai bai gudu ba, kuma bai yi ribas ba. Tiyay ta ce ta ji, shi ya sa take magana da ni a zaune. Ta ce shekarunta a wannan aiki ba ta taɓa sa uwa ta bi ɗanta tana haki ba, kuma maganar da ta yi mini ranar farko ba ta canza ba.

"Motar safe takan bi ta gonar," ta ce. "Idan kakar rake ta ƙare, injin sukari ya tsaya, ka leƙo, in ga ko ina neman mai ɗaukar kujeru. Ban ce mota ba."

Babana bai tambaye ni komai ba. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar adda da dogon safar hannu. Yanzu da asuba muke fita. Ganyen na yanka kamar yadda na bar shi. Ranar farko ya ga abin sauraro a kunnuwana ya ce in cire kafin in sare ƙafata, don ba shi da niyyar kai wa yayarsa ciniki. Na cire ɗaya na bar ɗaya. Da hutun rana ya karɓi ɗayan ya sa, ya saurara har rabin waƙa yana tauna rogo, ya mayar mini ya ce mawaƙin na bukatar maganin tari.

Direban motar da ke kwasar rakenmu mutumin kudu ne. Ya ce Asin kag Abo za su yi wasa a bikin garinsu kafin damina, a filin ƙwallo, kuma yakan bi ta can idan ya sauke kaya. Na tambaye shi ko akwai wuri a saman lodi. Ya ce akwai, in dai zan iya zama wuri ɗaya in riƙe igiya. Ban gaya wa babana ba tukuna. Layin raken da aka ba ni yau ko rabi ban kai ba, shi kuma ya yi nisa a nasa, sai motsin rake kawai nake gani a inda yake.